Fasali A Kan Wanda Ke Magana Da Yawun Jama'a Ranar Fitina

 Ya ku almajiran zaure da fataken birnin Zazzau, ku sani wannan fasali raddi ne ga shugabannin da ke ɓuya ranar fitina, su bayyana ranar rabon kujera.

Ku tuna watan Maris na 1987. Rigima ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, cikin 'yan kwanaki wutarta ta iso Zariya da Kaduna da Funtuwa, aka ƙone majami'u masu yawa a Zariya da kewayenta. Ku tuna watan Mayu na 1992, lokacin da rikicin Zangon Kataf ya malalo Kaduna da Zariya. Ku tuna kuma watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa: aka kashe mutum fiye da 800 a jihohin Arewa cikin kwana uku, aka cinna wa gidan Mataimakin Shugaban Ƙasa Namadi Sambo wuta a nan Zariya, Gwamna Yakowa ya hana fita dare da rana, kasuwa ta mutu murus. To, a cikin waɗannan kwanaki duka, wa ya tara mutanen Kwarbai, ko na Kaura, ko na Limancin Kona, ya nemi izininsu kafin a ɗauki ashana da sunansu? Babu. Wasu 'yan tsiraru suka ari bakin jama'a suka ci musu albasa.

Ku san asalin cutar. A dā, zamanin En'e, Sarki na da 'yan doka da kotu da gidan yari, mai unguwa kuwa ya san kowane zaure da baƙon da ya kwana cikinsa. Gwamnatin soja ta Gowon ta karɓe waɗannan daga hannun sarakuna, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya miƙa ragowar iko ga ciyaman da kansila. Ba na cewa mulkin En'e babu zalunci a cikinsa. Talakan da ya sha bulalar haraji shaida ne. Abin da nake cewa shi ne an raba sani da iko: mai unguwa ya san mutane amma ba shi da hukunci, zaɓaɓɓe yana da hukunci amma ba ya kwana cikin mutane. Ta tsakanin biyun nan mai fitina ke shigowa, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan wani ya ce, ai fushin jama'a gaskiya ne, an kashe 'yan'uwanmu a Kafanchan da Zonkwa, sai mu ce masa: haƙiƙa an kashe, kuma neman haƙƙinsu wajibi ne. Amma mai tireda a Sabon Gari, wanda ka shekara ashirin kana karɓar kaya bashi a wurinsa, shi ya kashe su? Shari'a ba ta kama wani da laifin wani, kuma maƙwabci amana ne ko da addininsa daban.

Masu riƙe da bindiga ma ba su kuɓuta daga zargin nan ba. A watan Disamba na 2015, bayan 'yan Harkar Musulunci sun tare wa Babban Hafsan Sojan Ƙasa hanya, soja suka afka wa Husainiyya da Gyallesu. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Muhammadu Lawal Garba ta tabbatar an bizne gawa 347 a kabari ɗaya. Ko ka yarda da aƙidarsu ko ba ka yarda ba, jini jini ne. Shugaban da ya yi shiru domin mamatan ba jama'arsa ba ne, ya koya wa gobe yin shiru a kan jininsa.

Bayan kowace fitina sai a naɗa kwamiti: na Donli a 1987, na Shaihu Ahmad Lemu a 2011. Manya su sa babbar riga su tafi ba da shaida, alhali bazawara da mai rumfar da ta ƙone suna gida. Wakilin da ba ka naɗa ba, ba ka kuma iya tuɓe shi, wakilin cikinsa ne.

Saboda haka, ga nasiha uku. Ta fari ga malami: ranar da gari ya motsa, ka ƙidaya almajiranka da sunayensu, ka rufe zaure, domin iyayensu allo suka ba ka amana, ba gora ba. Ta biyu ga 'yan kasuwa: kada kwabonku ya shiga hannun mai tara 'yan banga, kuma kowane layi ya zaɓi dattijonsa tun ana zaman lafiya, ya san takwaransa na Sabon Gari da Wusasa ido da ido. Ta uku ga kowa: duk wanda ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi inda ya kwana daren fitinar da ta wuce. In ya ce Abuja, ku ce ya nemi ƙuri'arsa can.

Allah Ya tsare Zazzau daga fitina, ta fili da ta ɓoye. Amin.