Fim Ɗin Kano Ya Riƙe Mana Hausa, Amma Ina Falken Shanu A Ciki?

 

A wannan karo za mu ɗan ajiye zancen farashin bajimi da rigimar shingaye, domin wata magana da ta taso a zamanmu na bayan Juma'a. Wani dattijo daga cikin iyayen ƙungiya ya miƙe ya ce shi a ganinsa kowane ɗan ƙungiya ya sauke dish daga kan rufin gidansa, ya karɓe wayoyin yara, tunda fim da waƙa sun cinye tarbiyya. Mutane da yawa suka gyaɗa kai. Mu dai muka yi shiru, don ba a katse babba a bainar jama'a. To, Baba Alhaji, a yi mana afuwa, ga namu ra'ayin a rubuce.

Da farko dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu ma ba waliyyai ba ne. Waye a cikinmu bai taɓa biyan dala biyar ya zauna kan benci a gidan bidiyo ya kalli fim ɗin Indiya ba, alhali ko kalma ɗaya ba ya ji? Waye bai yi tafiyar Bangi zuwa Garwa Bulai, wajen kilomita 600, da kaset ɗin Shata yana juyawa a gaban mota tun daga Boali har Buwar ba? A shekarar da aka karya darajar sefa, wato 1994, lokacin muna samari muna bin iyayen gidanmu kasuwar shanu ta PK13, kusan kowane yaron dillali yana da rediyo mai kaset, kuma rabin la'adarsa a batir take ƙarewa. Daga mashayar maƙwabta kuma kiɗan Franco da na Zokela ke shigo mana ta katanga, ko muna so ko ba ma so. Duk da haka ga mu mun girma, mun riƙe salla, mun riƙe amanar dukiyar mutane.

Abin da ya fi damunmu shi ne harshe. Yaron da aka haifa a nan Miskin ko cikin Kilomita Biyar, Sango yake yi a titi, Faransanci a makarantar boko, Larabci a allo da Islamiyya. Hausa fa? Sai abin da ya tsinta a bakin uwarsa, in ita ma ba ta juye ba. Muna da jikokin mutanen Kano da Katsina a wannan unguwa waɗanda in ka gaishe su da Hausa sai su amsa da Sango suna murmushi. Kuma kada wani ya ɗauka zancen ado ne. Yau rabin cinikinmu a waya ake yin sa. Yaron da ba zai iya yi wa dillalin Mubi bayanin karsana da bajimi ba, bai san "albarka" ba, bai san "sallama" ba, bai iya jan zance har a daidaita ba, ta yaya za ka bar masa jarinka ka kwanta?

Wanda ya dawo mana da Hausa cikin ɗakunanmu, ko mun ƙi ko mun so, fim ɗin Kano ne. Tun daga Turmin Danya na 1990 abin ya faro, amma mu nan sai wajen 2000 ya iso mu sosai, zamanin Sangaya da Wasila, lokacin da direbobi ke ɗauko kaset daga N'Gaundere kamar goro. Marigayi Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya koya wa yaranmu Hausar kasuwa da ta barkwanci fiye da yadda mu iyayensu muka koya musu, wannan ba abin musu ba ne. Kwanan baya wata jikarmu 'yar shekara bakwai ta tarbe mu a ƙofa ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa Alhaji, ya hanya, ya gajiya?" Wallahi sai da muka tsaya muka dube ta. Muka tambayi kakarta wa ya koya mata, ta ce ai a Daɗin Kowa ta gani.

Shi Daɗin Kowa ɗin, wanda tashar Arewa24 da aka kafa a 2014 ta kawo, a wurinmu ya fi saura, domin mutanen cikinsa irinmu ne: mai shayi, malamin allo, magidancin da cefane ya sha masa kai. Labarina an iya tsara zance, sai dai jan rai ya yi yawa, mutum ya kai shanu Kamaru ya dawo bai tarar an gama magana ɗaya ba. Izzar So akwai wa'azi, mata na son sa. Fassarar Indiya ta Algaita kuwa, dariya ce kawai, a gan ta a wuce. Waƙoƙin fiyano da ake tace murya da kwamfuta, nan muna tare da Baba Alhaji ɗari bisa ɗari: rawar namiji da mace a gaban yara ba tarbiyyarmu ba ce, kuma in aka zo wurin, a gidanmu wucewa ake yi.

To, amma fa muna da namu ƙorafin, kuma ya fi na rawa nauyi. A duk fina-finan nan, ina falken shanu? Alhajin fim kullum yana zaune a falo, ga mota uku a tsakar gida, ba a taɓa nuna inda kuɗin ya fito ba. Ba ka ganin sa cikin ƙurar kara, ba ka ganin sa yana lissafin saniyar da ta faɗi a tirela kafin a isa, ko yana bin mahauci bashin wata uku, ko yana kwana a bakin iyaka yana jiran takardar likitan dabbobi. Yaro ya kalli wannan shekara goma, sa'an nan ka ce ya tashi da asuba ya bi ka kasuwa, ya dawo da kashin shanu a takalmi. Ai dole ya ga kamar ubansa ne bai iya neman kuɗi ba. Mun san gidaje a unguwar nan da jarin kaka da uba ya tsaya cik, ba don asara ba, sai don babu ɗan da ya yarda ya karɓa.

Na biyu, yadda ake nuna Bafulatani. In ba wawa ba ne da ya shigo birni da sanda yana tsoron mota, to ɗan fashi ne a daji. Mu da muke cin abinci da Fulani mun san ba haka abin yake ba. Arɗo zai ba ka shanu ashirin a kan kalma, babu takarda babu shaida, ya jira ka har ka dawo daga Kamaru. Kuma zamanin zargina, 'ya'yan wa aka riƙa sacewa ana neman fansa, garken wa aka sayar aka biya? Na Mbororo ne. Ba mu ce babu ɓata-gari a cikinsu ba, kowace kabila tana da nata. Amma mu mutanen Bangi, da muka ga Disambar 2013 da abin da ya biyo baya, muka ga maƙwabcin shekara talatin ya koma kallon ka da suna ɗaya tak, har wasunmu suka tsinci kansu a Sido da Garwa Bulai da kayan jikinsu kaɗai, mun san inda irin wannan shafin fenti yake kai mutane. Abin da ake fara shi da dariya ne.

Mawaƙan da ba haka suka yi ba. Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2015, ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, yaron da kowa ke raina shi a tasha, har ya zama ana ganin sa da mutunci. Ɗan Anace ya wasa Shago da 'yan dambe, wasan da asalinsa na mahauta ne, abokan cinikinmu. Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa. Na yanzu kuwa, mafi yawa in ba soyayya ba sai ɗan siyasa, domin can kuɗin yake. Ba mu ga laifinsu sosai ba, maroƙi inda aka ba shi yake kiɗa.

Wannan ne ya kawo mu ga shawara. Tunda mai biya shi ake yi wa, me zai hana mu biya? In kowane ɗan ƙungiya daga Bangi zuwa Mubi ya ajiye kuɗin maraƙi ɗaya a shekara, ai ya isa a nemi marubuci mai hankali a Kano, a ɗauko shi ya zo ya bi tirela ɗaya tun daga ruga har kara, ya kwana inda muke kwana, ya ga yadda fatoma ke saukar da baƙo ya tsaya masa, ya ji yadda ake ciniki da Hausa da Fulatanci da Larabcin Cadi da Sango a kan sa guda. Labari kam ba za a rasa ba. Kowane ɗayanku yana da wanda in ya fara ba da shi, shayi sai ya huce.

Kafin nan, mu a gidanmu dish yana nan, sai dai akwatin talabijin ya bar ɗakin yara ya dawo tsakar gida, inda kowa ke gani, kuma bayan isha'i ne kawai. Muna roƙon sakatare ya sa maganar kuɗin maraƙin nan cikin ajandar zama mai zuwa, kuma muna fata Baba Alhaji zai halarta, don mun san yana da amsa. Wassalam.