Mai sauri da mai lura

Yara, akwai wani irin tsere da ba a shata ma masu gudu hanya. Ana ba kowa taswira da busol, wato ɗan abin nan mai kama da agogo wanda allurarsa ke nuna arewa. Sai a ce masa: "Ga wurare a takarda, je ka same su bi da bi, ka dawo." A kowane wuri an kafa tuta mai fari da ruwan goro. Sojojin ƙasar Suwidin suka fara shi. A 1897 aka yi gasar farko ta jama'a a ƙasar Norwe, a 1961 kuma aka kafa ƙungiyarsa ta duniya.

Ni a ganina, ya kamata makarantarmu ta riƙa yin wannan tsere kowace shekara.

Bara da kaka na gwada shi da ƴan ajina. Muka zana taswira: ga makaranta, ga rijiya, ga rumbuna, ga babban gawo, ga kuka. Santimita 1 a takarda, mita 100 ne a ƙasa. Akwai wani yaro da ya fi kowa gudu. Ina hura usur ya ruga, takardarsa a juye. Kuka na arewa, shi ya nufi kudu. Wata yarinya kuwa ta tsaya, ta juya takardarta har arewar takarda ta dace da arewar gari. Ta auna, ta ƙidaya takunta. Ita ta fara dawowa. Sauri ya haifi nawa!

Kun ga ke nan, a wasa guda an yi gudu, an yi lissafi, an yi labarin ƙasa.

Wani dattijo ya ce mini: "Malam, yaranmu sun san dajin nan, me takarda za ta ƙara masu?" Na ce: "Gaskiya ne, Baba, amma da rani suka san shi." Da damina, in gero ya fi mutum tsawo, gonaki duk kama suke yi da juna. Da hunturu kuma hazo yakan ɓoye itacen da aka saba gani. Mai zuwa itace ko kiwo yana iya ɓata kusa da gida. Ban da haka, ba a Sarkin Yamma kaɗai za ku zauna ba. Wata rana za ku je Maraɗi, ko Katsina, ko Yamai, inda ba ku san kowace kuka ba.

Wasu sun ce ai waya na nuna hanya. To, ran da cajinta ya ƙare fa?

Rashin busol ma ba zai hana mu ba. Da safe inuwarka na nuna yamma. In ka fuskanci gabas, arewa na hannunka na hagu, kudu na dama. Alƙiblar masallaci na wajen gabas. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Daga garinmu, Maraɗi na wajen gabas, iyakar Najeriya na kudu.

Sai dai wasan na da doka. Ana tafiya biyu-biyu. Ba a wuce gonakin bakin gari, balle a doshi dajin Baban Rafi. Wanda ya rikice, kada ya ƙara gudu. Ya tsaya, ya koma wurin da ya gane na ƙarshe, ya sake duba takarda. In ya ga babba ya tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Bana ma, in Allah ya kai mu kaka, za mu sake. Kowa ya fara shiri.

Tambayoyi
1. Me ya sa yarinyar ta riga yaron dawowa?
2. A taswirarmu, santimita 4 mita nawa ne a ƙasa?
3. Zana hanyar gidanku zuwa makaranta, ka nuna arewa.