Laifin Me Tashar Malam Madori Ta Yi?

Duk wanda ya san Malam Madori ya san jirgin ƙasa ne ya raine ta. Ba don ƙaunarmu Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa dogon da ya tashi daga Kano, ya bi ta Ringim, Taura da Gagarawa, ya tuƙe a Nguru a 1930 ba. Gyaɗa da fatu suke so su kwasa zuwa bakin teku. Duk da haka talaka ya amfana. Da yake dogon bai shiga Haɗeja ba, sai wannan 'yar tasha ta zama ƙofar masarautar baki ɗaya.

Ku tambayi dattawa yadda kaka take a lokacin. Jakuna da raƙuma sun yi layi gaban sikeli, malamin awo na rubutu, 'yan dako na sheƙa gudu da buhu a ƙeya, dalar gyaɗa na tashi ana hango ta daga nesa. Mai tuwo ta samu, tela ya samu, baƙo ya zo cin rani ya yi gida ya zauna. Haka ƙauye ya zama gari.

Yau fa? Tasha ta yi tsit, ciyawa na cin dogo, kuma babu wanda kunya ta kama. Kullum sai a fake da farin 1973 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975. To, fari ne ya hana a gyara gada? Cutar gyaɗa ce ta bar taragu suka yi tsatsa? Gaskiyar magana, kuɗin fetur ne ya zo, shugabanni suka juya wa manomi baya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙasar nan ba ta daina bayarwa ba. Ga riɗi, ga zoɓo, ga shinkafar fadamar Haɗeja, ga kifi da dabbobin Nguru. Duk a tirela ake lodinsu, tana farfasa kwalta, direba na zubar da kuɗi a kowane shinge, a ƙarshe a zaftare asarar daga guminka, kai manomi.

An buɗe jirgin Abuja zuwa Kaduna a 2016, an aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi a 2021. Madalla, ba ma baƙin ciki. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mu namu dogon a shimfiɗe yake tun kakanni, kulawa kawai ya rasa.

Ku 'yan majalisar da mutanen Jigawa da Yobe suka tura Abuja, ku tashi ku nemi a sa gyaran layin Kano zuwa Nguru cikin kasafin kuɗi, a dawo da jirgin kaya da na fasinja a kan ƙa'ida. In kun kasa, kada ku zo mana da taliya da atamfa ranar zaɓe.