Wa Ya Ba Ku Izinin Taɓa Wuyan Babur?

A Kademi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, babur shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa. Mace mai naƙuda a kansa ake ɗaukarta zuwa Gaya cikin dare. Buhun gero da na wake a kansa suke barin gona. Tun da gwamnatin Kano ta hana goyo a babur cikin birni a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, acaɓa ta koma sana'ar karkara, kuma a nan ba mu da abin da zai maye gurbinta. To abin da rayuwar gari ta rataya a kansa haka, shi muka sakar wa masu sifana da masu walda suna sauke gabansa, suna ɗaga shi, suna yanka shi, da ido kawai, ba awo ba lissafi. Raina a ɓace yake da wannan al'amari, domin wanda ke biyan kuɗin gangancin da ƙashinsa sau da yawa ba shi ne ya sa aka yi ba.

Ka tsaya a rumfar bakanike ka ga yadda abin yake. Saurayi ya zo da Boxer ko roba-roba ya ce, "Oga, a ɗan kwantar min da gabansa, ya yi tsayi da yawa." Oga ko tashi bai yi ba, sai ya ƙwala wa yaronsa kira. Yaro ya sassauta notocin da suka matse shakazoba biyu na gaba, ya danna kan babur ƙasa har bakin ƙarfen ya leƙo sama da faɗin yatsu biyu, ya rufe ido ɗaya ya hanga, ya ɗaure. Ko na dama ya fi na hagu leƙowa, babu wanda ya ɗora ma'auni. Mai babur ya buga ya zagayo, ya dawo yana murna wai kan ya yi laushi, kwana ba ta ba shi wahala. Gaskiyarsa, kan ya yi laushi. Amma ba wanda ya gaya masa abin da aka cire kafin laushin ya samu, don wanda ya yi aikin ma bai sani ba.

Duba wuyan babur, inda kai yake juyawa. Ba a tsaye cak yake ba, ya jingina baya da wajen digiri 25 zuwa 27 a yawancin baburan da muke hawa. In ka ja layi daga wuyan nan ka bi jinginarsa har ƙasa, zai sauka a gaban wurin da taya take taɓa ƙasa. Tazarar da ke tsakanin wuraren biyu ba ta wuce santimita 7 zuwa 10 ba, kuma ita ce ke riƙe da ran mahayi. Saboda tayar tana taɓa ƙasa a bayan layin, janta ake yi, kamar ƙananan tayoyin gadon asibiti da kan juya su bi duk inda aka tura gadon. In dutse ya karkatar da taya, tazarar nan ce ke mayar da ita saiti tun kafin hannunka ya ankara. Ita ce ta sa babur mai lafiya yake tafiya ɗoɗar ko ka saki hannu ɗaya kana gaisuwa. Injiniyoyin kamfani sun auna ta da nauyin babur, da girman taya, da gudun da injin zai iya, kafin su tsayar da ita.

Ga abin da yaron bakanike ya yi mata. Tsakanin tayar gaba da ta baya a irin waɗannan babura bai kai mita ɗaya da rabi ba, don haka ƙaramin motsi a gaba yana canja tsayuwar babur gaba ɗaya. Sauke gaba da santimita 2 da rabi yana miƙar da wuya da kusan digiri 1, tazarar kuma ta ragu da milimita 5 ko 6. Wanda ya sauke santimita 5 ya ninka wannan. Sannan ga masu cire wilin gaba mai inci 18 su sa mai inci 17 don shi suka samu da araha: wannan kaɗai yana cin kusan santimita 1 na tazarar. Haɗa wannan da saukewar santimita 5, ka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke tsayar da babur a hanya. Kuma duk lokacin da ka matse birki, shakazoba yana nutsewa, wuya ya ƙara miƙewa, tazarar ta ƙara raguwa. Wato a daidai lokacin da akuya ta faɗo maka titi, a lokacin ne ragowar ke ƙarewa. In saukewar ta yi yawa ma, madigadi ya doki ƙarfen da ke samansa a cikin rami, ya danne tayar.

Kowane ɗan acaɓa ya san rawar kai, wadda kan babur ke kaɗawa dama da hagu da saurin da hannu ba zai iya bi ba. Ba aljani ba ne, ba kambun baka ba ne. Tun 1971 wani injiniya ɗan Ingila, Robin Sharp, ya lissafa wannan rawa ya nuna cewa tana cikin halittar kowane babur, kwance take tana jiran dalili. Tsarin gaba mai kyau, da taya mai lafiya, da isasshen nauyi a kan tayar gaba, su ke danne ta. Duk wanda ya lalata waɗannan ya buɗe mata ƙofa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne irin hanyar da muke bi. Da a kan kwalta mai santsi kaɗai ake tafiya, da da sauƙi. Amma da ka sauka daga titi ka nufi ƙauyukan Gaya da Ajingi, rairayi ne, musamman da rani, da kuma bakin kwari inda ruwan damina ya tara yashi. A cikin rairayi taya nutsewa take yi ta tara yashi a gabanta, sai wurin da ƙasa ke tura ta ya matso gaba. Tazarar nan ta ragu da kanta, wani lokaci ta ɓace, wani lokaci ma ta koma gaban layin. A nan ne kai ke ƙwacewa daga hannu ya naɗe gefe ɗaya. Babur da bai taɓa ganin sifana ba ma sai mahayi ya yi da gaske a wurin. Ina ga wanda aka riga aka rage masa, kuma aka yanke hannuwansa aka gajarta don ya riƙa kutsawa tsakanin motoci? Gajeren hannu yana rage ƙarfin da za ka riƙe kai da shi. Wannan yayi ne na cunkoson birni, aka kwaso shi aka kawo ƙasar yashi inda dogon hannu ne ke ceton mutum.

Masu ɗaga gaba ma ba su tsira ba. Wasu suna cusa guntun ƙarfe a kan sifirin, wasu suna kai shakazoba wurin mai walda a ƙara masa tsawo, wai don kada ciki ya riƙa taɓa ƙasa. Dalilinsu na gane shi, hanyoyinmu ba su da kyau. Amma da gaba ya tashi, wuya ya ƙara kwantawa, kai ya yi nauyi, a ƙaramin gudu ya riƙa faɗawa gefe, nauyi kuma ya koma baya ya bar tayar gaba ba ta kama ƙasa sosai. A Amurka an yi yayin babura masu dogon gaba a shekarun 1960, har fim ɗin Easy Rider na 1969 ya yaɗa su a duniya, kuma masu su sun san ba sa son kwana, ba sa son rami. Su don miƙaƙƙen titi suka yi nasu, mutum ɗaya ko biyu a kai. Mu kuwa sai mu ɗora buhu mai kilo 100 a kariya, mai buhun ya hau kai, baya ya zauna ƙasa, gaban da aka riga aka ɗaga ya ƙara tashi. Walda kuma a tsakiyar ƙarfen da ke karɓar dukan kowane rami, ranar da za ta saki ba ta sallama.

Sai maganar shakazoba da ya lanƙwashe bayan karo. Na ga yadda ake yi masa: a ɗora shi a kan kututture, wani ya taka gefe, wani ya bi shi da guduma, in ya ƙi a hura masa wuta. A mirgina shi a ƙasa, in bai yi tsalle sosai ba a ce ya miƙe. Wannan a ƙasar Gaya! Tarihin Kano ya ce maƙeri ne daga Gaya ya je gindin Dala neman tama, kuma Abagayawa har yau da ƙira aka san asalinsu. Kowane maƙeri ya san ƙarfen da ya lanƙwashe aka mayar, balle wanda ya sha wuta, ba ya komawa ƙarfinsa na da. In kuma ɗaya ya fi ɗaya miƙewa, taya ta karkace, babur ya riƙa ja gefe, shakazoba ya riƙa cijewa maimakon ya nutse ya taso. A zuba masa baƙin mai da aka juye daga inji, wannan ƙafa da yawa waccan kaɗan. Boris ɗin wuya kuwa, in ya yi sako-sako kai ya riƙa ƙwanƙwasa yana rawa, in aka matse shi fiye da kima kai ya ƙi komawa saiti. Kuɗin sabon boris da giris bai kai na ɗorin karaya ɗaya ba.

Na san me za a ce: talauci ne, kayan gyara sun yi tsada. Na yarda da wannan a kan mai iyali da ya buga shakazoba don ba shi da kuɗin sabo, ko da yake shi ma bai kamata ya ɗauki fasinja a kai ba. Amma sauke gaba, da yanke hannu, da cire madubi da madigadi, da kwance wayar birkin gaba wai yana kayar da mutum, alhali shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, wane talauci ne ya kawo su? Kuɗi ma ake biya a yi su. Burga ce kawai, don a kalle ka ranar kai amarya.

Kuma in da mai burgar kaɗai abin zai samu, da na yi shiru. Tsohuwar da ta tare acaɓa za ta je dubiya ba ta san me aka yi wa wuyan babur ɗin ba. Mai goyo da ta hau da jaririnta a baya ba a nemi yardarta ba. Ta biya kuɗinta bisa amana cewa abin hawan lafiyarsa ƙalau. In aka zube, a kwashe su zuwa wurin mai ɗori, wanda nasa ya yi tsanani a wuce da shi ta Wudil har asibitin ƙashi na Dala, a sayar da akuya da hatsin shekara a biya. Masu zuwa jaje su ce ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a shafa fatiha a watse. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma ban yarda a ɓoye sakacin mutum a bayanta ba. Ba mai komawa ya duba babur ɗin, ba mai tambayar wa ya kwance notin. Washegari a miƙar da abin da ya lanƙwashe da guduma, ya koma layi.

Masu tsare hanya kuma takardu suke tambaya da lamba. An kafa dokar hular kwano a farkon 2009, kowa ya ga yadda ta ƙare a karkara. Hular ma ranar faɗuwa take amfani. Abin da ke kawo faɗuwar yana nan a fili, a gaban idon mai duba takarda, bai kuwa ɗauki minti ɗaya a gane shi ba. Me ya hana a koya musu?

Ban ma jira hukuma ba. Shugabannin 'yan acaɓa na kowace tasha suna da ikon da ya isa: su ke ba da layi, su ke karɓar kuɗin ƙungiya, su ke hukunta wanda ya yi rigima. Su sa a kafe babur, a ɗaga tayar gaba daga ƙasa, a kama shakazoba biyu a ja gaba a tura baya, a ji ko wuya yana ƙwanƙwasa. A juya kai daga wannan gefe zuwa wancan a ji ko yana cijewa a tsakiya. A dubi bakin shakazoba a sama a ga ko duka biyun suna inda kamfani ya bar su, a shafa jikinsu a nemi tabon walda, a matse birkin gaba a ga yana kamawa. Ku kuma iyayen gidan kanikawa na Kademi da Gaya da Ajingi, ku da yaranku ke kallo suna koyo, in saurayi ya zo ya ce a kwantar masa da gaba, ku ce ba kwa yi, ku gaya masa dalili. Babur da ya faɗi a wannan dubawa, kada a ba shi layi, kada ya ɗauki 'yar kowa, sai an mayar da gabansa yadda aka ƙera shi.