Kumburin Muƙamuƙi Ba Jifa Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, mu da muka fito daga Gidan Goga da sauran ƙauyukan Maradun, Bakura da Talata Mafara mun san yadda ake yi in muƙamuƙin mutum ya kumbura: a ce jifa ne, a kira wanzami ya yi sakiya, sa'an nan a rufe haɓar da rawani.

Akwai ƙarin da likitoci ke kira amelobilastoma. Yakan tsiro daga ragowar naman da ya ƙera haƙora tun ƙuruciya, galibi a muƙamuƙin ƙasa, wajen turame. Ba ya zafi da fari, shi ya sa ake sake da shi shekara da shekaru, alhali kuwa yana cin ƙashi har haƙora su kama girgiɗi. Tun 1980 Dakta Adekeye ya wallafa bayanin majiyyata 109 a Nijeriya. In an makara, sai an yanke ƙashin, wani lokaci a ɗebo na ƙugu ko haƙarƙari a cike gurbin.

To, mene ne amfanin karatunmu in muka yi shiru don kunyar manya? Wannan hutun, duk wanda muka gani da irin wannan kumburi, mu lallashe shi, mu raka shi asibiti a Gusau ko Sakkwato a ɗauki hoton ƙashin.