Laifin ba na faifai ba ne

Jama'a, na gaji da jin masu cewa wai faifan CD da DVD ne suka kashe sautin finafinan Hausa. Ni dai ban yarda ba, kuma ga hujjata.

Tsarin VCD da kamfanonin Philips, Sony, JVC da Matsushita suka fitar a 1993 hanya ɗaya tak ya amince da ita ta matse sauti, wato MP2, kilobit 224 a daƙiƙa. Wannan ya isa a ji muryar jaruma da kiɗan fiyano tangaram. DVD kuwa, da ya fito a Japan a 1996, ya zo da Dolby Digital mai raba sauti ga lasifika shida, ga PCM da ba a matse shi sam, ga DTS ga mai so. MP3 ma ba ya cikin ƙa'idar DVD ta bidiyo, masu ƙera na'ura ne suka ƙara shi don jan ciniki.

To ina matsalar take? Kwaɗayi da ganganci! Faifan DVD na gama-gari gigabait 4.7 yake ɗauka, daidai fim ɗaya ko biyu. Sai ɓarayin fasaha su danna fim goma a ciki, su matse sauti har ya koma kamar ana magana cikin tulu. Wasu furodusoshin kuma tun wurin ɗauka suke ɓata abin, makirfo ɗaya, iska na kaɗawa, janareta na ruri.

Mu marubuta da muke kwana muna tsara zance, mu muka san ciwon a mayar da shi gunaguni. Wanda ya zuba ruwan kwata a randa, kada ya zagi randa.