Isnadin Makulli: Tambayar Da Ba A Yi Game Da Kirifto



Tun daga 2024, lokacin da wasan Hamster Kombat ya shagaltar da matasanmu daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, muhawara kan kuɗin kirifto ba ta wuce halal ne ko haram ba. Wannan fagen malaman fiƙihu ne. Tambayata daban ce: wa ya ƙera makullin da aka rufe dukiyar da shi?

Ya ɗan'uwa mai karatu, manhajar da ke tsare maka kuɗin a waya, kamfanin da sunansa ke kanta ba shi ya rubuta ta duka ba. Lissafin da ke samar da mabuɗin sirri, da wanda ke sa hannu a kan ciniki, aro ake yi daga kundayen shirye-shiryen kwamfuta da wasu suka rubuta, su ma galibi a wurin wasu suka aro. Ɗalibin hadisi ya san wannan: isnadi ne, kuma maruwaici guda mai rauni ya isa ya raunana shi.

A watan Agustan 2013 aka gano aibi a sashen Android mai zaɓo lambobi bisa kacici, har ɓarayi suka lissafo mabuɗan mutane suka kwashe musu Bitcoin. Babu wanda ya yi nufin ha'inci. Adala akwai, kiyayewa ce ta yi rauni. Na 2018 ya fi ban tsoro. Marubucin wani kundi mai suna event-stream ya gaji da kula da shi kyauta, sai ya miƙa shi ga baƙon da ya nema. Baƙon ya cusa dabarar sata da ta nufi lalitar Copay. Majhuli ke nan ya shiga tsakiyar silsila, na ƙasa suna ta karɓa ba tambaya.

Shi ya sa nake ganin hikimar masu kula da Bitcoin Core, da suka daina dogaro da OpenSSL wajen tantance sa hannu a 2016, suka koma ga libsecp256k1, ƙaramin kundin da suka rubuta da kansu. Gajarta isnadi suka yi.

Saurayin da ya zuba kuɗin albasarsa a lalita ba zai iya karanta waɗannan kundaye ba, ni ma haka. Amma yana iya tambaya ko an buɗe rubutun manhajar ga kowa, da su waye suka bincike shi, kuma a wace shekara. Duk wanda ya tallata maka lalita a WhatsApp, fara yi masa waɗannan tambayoyi kafin ya kawo maganar riba.

Wallahu a'alam.